Tawada Mai Ɗorewa a Takarda Mai Araha: Wace Ya Kamata a Zuba wa Alƙalami?

A ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, daga Zagga zuwa Kaoje, Illo da Lolo da ke bakin iyakar Benin, amana mai yawa a cikin littafin rubutu irin na 'yan firamare take kwana. Bashin takin da za a biya da shinkafa bayan girbi, zubin adashe, jinginar gona, kayan da aka karɓo daga kasuwar Malanbil ta ƙetaren iyaka da lissafin sefa za a biya da naira, duk a nan ake sa su. Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa take magana. Sai dai yankin na gaɓar kogin Kwara ne, kuma ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ba a gona kaɗai ta tsaya ba, ta shiga gidaje da shaguna. Littafin da ya kwana a ruwa, ko dai a shanya shi a ci gaba da karantawa, ko a buɗe a tarar da dabbare-dabbaren shuɗi inda sunaye da lambobi suke a da.

Masu rubutu da alƙalamin tawada, wato mai bakin ƙarfe da ma'ajiyar tawada a cikinsa wanda ake cikawa daga kwalba, sun ragu ƙwarai tun da biro ya mamaye kasuwa. Amma ba su ƙare ba. Akwai tsofaffin malaman makaranta, akwai magatakarda, akwai masu rubutun Larabci da ajami da ke son layi mai rai wanda biro ba ya bayarwa. A tsakaninsu ana yawan jin maganganu da ke cin karo da juna: wani ya ce duk baƙar tawada mai ɗorewa ce, wani ya ce sai mai tsada, wani kuma ya ce a koma ga tawadar malamai a ɗura ta a alƙalamin zamani. Kowace magana a cikinsu tana da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma kowace tana iya jawo asara.

Me ake nufi da ɗorewa?

Ruɗanin daga nan yake farawa, domin abokan gaban rubutu ba ɗaya ba ne. Ruwa daban, hasken rana daban, hannun mai son goge lamba da sinadarin wanki irin su Hypo shi ma daban. Tawada tana iya jure ɗaya ta kasa jure sauran. Rubutun fensir misali ne mai kyau: ruwa ba ya wanke shi, rana ba ta kashe shi, amma yaro da ɗan abin gogewa zai share shi tas. Biro mai shuɗi yana jure ruwa daidai gwargwado, amma idan littafi ya daɗe a rana a kan teburin mai shago yakan dusashe, kuma sinadarin barasa irin wanda ake goge wurin allura da shi a asibiti yana narkar da shi.

Mafi yawan tawadar da ake sayarwa don alƙalami rini ce zalla da aka narkar a ruwa. Parker Quink, wadda ta fito a 1931 kuma ta yi suna a makarantu da ofisoshi, tana da wani shuɗi da kamfanin da kansa ya rubuta a kwalba cewa mai wankuwa ne. An yi shi haka da gangan, don ya fita daga rigar ɗan makaranta. Wanda ya rubuta bashin buhu hamsin da shi bai yi wa kansa adalci ba. Baƙar tawadar rini ma haka take. Baƙinta ba ya hana ta gudu idan ruwa ya taɓa ta.

A mazauni irin Zagga, inda damina ke zuwa da laima, rufin kwano ke yoyo, littafi ke tafiya a kwale-kwale da bayan babur, ruwa ne babban abokin gaba. Saboda haka a wannan sharhi, tawada mai ɗorewa ita ce wadda bayan ta bushe za a tsoma takardar a ruwa a fito da ita ana iya karanta kowace lamba.

Rabin laifin na takarda ne

Takarda zaruruwa ne da aka danne wuri ɗaya. Idan ba a shafa mata wani abu da zai rage mata ƙishirwa ba, irin sitati ko danƙo, to duk ruwan da ya taɓa ta sai ya bi zaruruwan nan ya bazu. Littattafan rubutu masu araha a nan ake rage musu kuɗi: takardar ba kauri, shafin da aka yi mata kaɗan ne. Biro bai damu ba, domin tawadarsa mai kauri ce, ta mai. Tawadar alƙalami kuwa kusan duk ruwa ce.

Daga nan aibi biyu ke fitowa. Na farko naso, wato layi ya bazu gefe-gefe ya yi 'yan saiwoyi, har cikin wasu haruffa ya toshe. A lissafi wannan ba ƙaramin abu ba ne: 3 da ta yi naso tana iya komawa 8, kuma a rubutun ajami ɗigo biyu suna iya haɗewa su zama ɗaya, harafi ya sauya. Na biyu ɓullowa, wato tawada ta ratsa ta fito ta bayan shafi, littafi mai ganye sittin ya koma mai amfanin talatin.

Ana auna kaurin takarda da nauyin murabba'in mita ɗaya. Farar takardar ofis da ake kira A4 galibi giram 70 ko 80 ce, kuma ana rubuta hakan a jikin ƙunshinta. Ta littafin 'yan makaranta takan gaza haka, ta jarida kuma ta fi kowace sirantaka. Amma nauyi kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai siririyar takarda da aka gyara fuskarta da kyau wadda ba ta naso ko kaɗan.

Akwai kuma abin da ba a gani sai bayan shekaru. Takarda mai araha daga niƙaƙƙen itace ake yin ta, ba tare da an cire lignin ba, wato sinadarin da ke riƙe zaruruwan itace. Shi ne ke sa tsohuwar jarida ta yi ja ta riƙa karyewa a hannu. Mafi ingancin tawada ba za ta ceci takardar da ke ruɓewa da kanta ba.

Abin da malaman da suka riga suka gane

Bagudo a masarautar Gwandu take, ƙasar Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Tazyinul Waraƙat da Liya'ut Ta'awili. Kwafe-kwafen hannu na littattafan malaman jihadi da suka haura shekara ɗari suna nan ana karanta su, a gidajen malamai, a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna. Abu biyu suka taimake su. Takardarsu daga tsummoki aka yi ta, ba daga itace ba. Da yawa daga cikinta ta Italiya ce, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta a haske, wadda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita. Sannan malaman sun san cewa tawada iri-iri ce, kowace da aikinta.

Tawadar allo daga gawayi ko baƙin tukunya ake yin ta, a haɗa da ƙaro. Baƙin gawayi ba ya dusashewa ko shekara nawa ya yi, amma ƙaro ne kawai ke riƙe shi a kan allo, kuma ƙaro yana narkewa a ruwa. Shi ya sa almajiri ke wanke allonsa ya ɗora sabon karatu, shi ya sa kuma ake iya yin rubutun sha. Tawadar da aka yi don ta wanku ke nan, duk da baƙinta.

Ta takarda kuwa hanyarta daban. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin ita ce a jiƙa ko a dafa 'ya'yan bagaruwa, wadda a wasu wurare ake ce wa gabaruwa, a haɗa ruwan da ƙarfe, irin kashin maƙera ko guntayen ƙarfe masu tsatsa. Baurin da ake ji idan an tauna bagaruwa na wani sinadari ne da ake kira tanin, shi ne majema ke jeme fata da shi. Idan tanin ya gamu da ƙarfe sai ya yi baƙi, kuma da wannan haɗin ne dukawa ke baƙanta fata. Wata Ba'amurkiya mai aikin adana tsofaffin littattafai, Michaelle Biddle, ta bi malaman Arewa ta tattara hanyoyin haɗa tawada, ta wallafa bincikenta a 2011, inda ta nuna cewa tsirran da ake tawada da su sun yi tarayya da na rini da na magani.

Tawadar ƙarfe ta zamani

Turawa ma da irin wannan haɗin suka yi rubutu na ɗaruruwan shekaru, sai dai su tanin ɗinsu daga ƙululun da ƙwari ke haddasawa a jikin wasu itatuwa suke samo shi. A 1832 wani likita a Ingila, Henry Stephens, ya fito da samfurin da aka sani da shuɗi-baƙi: ya bar haɗin ƙarfen a narke, ba launi sosai, ya ƙara masa shuɗin rini don marubuci ya ga abin da yake rubutawa. Idan tawadar ta shiga cikin zaren takarda iska ta buge ta, ƙarfen sai ya sauya ya zama baƙin abu da ruwa ba ya narkarwa. Wanda ya taɓa tsayawa a marina ya ga zane ya fito daga karofi kore-kore, iska ta mai da shi shuɗi a gaban idonsa, ya san irin abin da ake nufi. A takarda abin yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki. Idan daga baya ruwa ya zo, shuɗin ne zai tafi, baƙin ya tsaya.

Har yau a Ingila masu rajistar haihuwa da mutuwa da irin wannan tawada aka san su, kuma kamfanin Diamine yana sayar da ita da sunan Registrar's. A Jamus akwai Salix ta Rohrer & Klingner, akwai kuma Pelikan 4001 shuɗi-baƙi mai ɗan ƙarfe kaɗan. Japan tana da Platinum shuɗi-baƙi. Sin tana da Hero 232, wadda ta fi su araha nesa ba kusa ba. A kula da abu ɗaya: sunan shuɗi-baƙi a kwalba launi yake nunawa, ba alkawarin ƙarfe ba ne. Kamfanoni da dama sun cire ƙarfen sun bar sunan, kuma Quink shuɗi-baƙi ta yanzu rini ce.

Abin da ya sa tawadar ƙarfe ta dace da takarda mai araha shi ne ba ta da gaggawar fita daga alƙalami, kuma ba ta son bazuwa. Layinta yakan tsaya inda aka aje shi ko a takardar da wasu tawadu ke yi wa kaca-kaca. A ganina, ga mai rubutun yau da kullum a littafin kasuwa, ita ce zaɓin farko.

Tana da aibinta. Tana da asid, wato sinadari mai tsami da ke cin ƙarfe. A tsofaffin littattafan Turai akwai shafukan da tawadar ta cinye har haruffa suka zama ramuka. Ta yanzu an sassauta ta ƙwarai, amma idan aka bar ta ta bushe a cikin alƙalami mai bakin ƙarfe mara inganci za ta sa shi tsatsa, ta kuma bar dasƙararren abu mai wuyar fita. Ba ta kai baƙin gawayi jure rana ba. Idan ta daɗe takan koma ruwan ƙasa.

Sauran hanyoyi biyu

Akwai tawadar gari, wadda launinta ba narkewa ya yi ba, ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo a cikin ruwa. Jikar tawadar allo ce, sai dai an niƙa baƙin har ya yi laushin da zai bi ta siririyar hanyar alƙalami, kuma idan ta bushe ba ta sake narkewa. Platinum Carbon Black da Sailor Kiwa-guro na Japan, da De Atramentis Document ta Jamus, suna cikin wannan aji. Wajen jure ruwa da rana da sinadari sun fi ta ƙarfe. Amma suna da tsada, kuma idan suka bushe a cikin alƙalami sai an sha wahala kafin a buɗe shi. Wasunsu ma suna zuba da yawa, har su yi naso a takarda maras kyau.

Sai kuma rinin da ke kama zaren takarda da kansa ya ƙi saki, wanda Noodler's Black ta Amurka ta yi suna da shi. Tana da hali mai kyau a takarda mai araha, domin can ne take samun zaren da za ta kama. A takarda mai santsi kuwa takan daɗe ba ta bushe ba, hannu ya shafe ta.

Masu cewa duk wannan wahalar banza ce

Akwai ra'ayin da ke cewa biro ya wadatar, kuma bai kamata a raina shi ba. Biro yana ko'ina, ba ya naso, ba ya ɓullowa, yana rubutu a kan kwafi mai takardar kabon, kuma idan ya ɓata ba a yi asarar komai ba. Har ma akwai ma'aunin duniya, ISO 12757-2, da ake buga wa biron da aka gwada tawadarsa da ruwa, haske da sinadarai don rubutun takardun hukuma. Wasu kwalaben tawada ma suna ɗauke da wannan lamba ko 'yar'uwarta ISO 14145-2. Ga ɗan kasuwar da bai saba da alƙalamin tawada ba, baƙin biro na kamfanin kirki ya fi masa alƙalamin da aka cika da shuɗi mai wankuwa. Inda wannan ra'ayi ya yi rauni shi ne biron da ke yawo a kasuwannin ƙauye ba shi da wannan tambari, kuma jabu ya yi yawa.

Masu goyon bayan tawadar gari su kuma suna cewa in dai ɗorewa ake nema, a ɗauki wadda ta fi kowace. Hujjarsu tana da ƙarfi a kan takardar da za ta yi shekara hamsin. Amma littafin bashi shekara biyu ko uku ake buƙatarsa, kuma takardarsa za ta riga kowace daga cikin tawadun nan mutuwa. Ga shi kuma yanayin Kebbi ba ya yi wa alƙalami sassauci: zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu suna tsotse ruwan da ke cikinsa, musamman mai murfin da ba ya rufuwa ruf. Tawadar da ta fi saurin toshewa ita ta fi shan wahala a nan.

Game da masu son ɗura tawadar gida, amsar a taƙaice take: kada a yi. Hanyar da tawada ke bi daga ma'ajiya zuwa bakin alƙalami tsaga ce siririya ƙwarai. Ƙaro zai daskare a cikinta, ɓarɓashin gawayi da na bagaruwa su cike ta. Tawadar kurtu ta alƙalamin gamba ce da na kara, wanda ake tsomawa, idan ya lalace a fiƙe wani. Haka nan tawadar masu zane, da ta hatimi, da ta na'urar buga takardu, babu wadda aka yi don wannan alƙalami.

Gwaji da kulawa

Yawancin sunayen da aka ambata sai an aika manyan birane ko an yi oda ta intanet, don haka mai saye yakan ɗauki abin da ya samu. Gwada ta ba wuya. A yi rubutu a ganyen littafin da za a riƙa amfani da shi, har da lambobi ƙanana, a duba bayan shafin. A bar shi ya kwana, domin tawadar ƙarfe da aka jiƙa nan take za ta ba da sakamakon ƙarya. Washegari a tsoma rabin ganyen a kwanon ruwa na ɗan lokaci, a shanya. Wani ganyen kuma a rufe rabinsa da kwali a aje a taga mai rana na 'yan makonni. Abin da ido ya gani ya fi abin da aka rubuta a kwalba.

Bakin alƙalami yana da nasa rabon. Mai faɗi yana zubo tawada da yawa, takarda mai ƙishirwa ta shanye ta baza. Siririn baki, mai alamar F ko EF, yana rage naso ko da tawadar ba ta kirki ba ce, kuma na Japan da na Sin sukan fi na Turai sirantaka a alama iri ɗaya. Alƙalamin da ke ɗauke da tawadar ƙarfe ko ta gari yana son a riƙa rubutu da shi kullum, a kuma ɗauraye shi da ruwa mai tsabta kamar sau ɗaya a wata. Ruwan leda ya fi na rijiya mai kanwa. Kada a gauraya tawada biyu a ciki, domin mai tsami da wadda ba ta da shi sukan haɗu su yi guda-guda. Kwalba kuma a rufe ta da kyau a aje a inuwa, tunda iskar da ke baƙanta tawadar ƙarfe a takarda za ta yi mata haka a kwalba, ta kwanta a ƙasa ta bar ruwa mara ƙarfi a sama.

Takardar da wata rana za ta je gaban alƙali

Cinikin gona ko na fili a fadama, rabon gado, wasiyya, waɗannan ba na littafin 'yan makaranta ba ne. A sayi farar takarda mai giram 80, a rubuta da tawadar gari ko ta ƙarfe, a yi kwafi ga kowane ɓangare. Hoton takarda na injin da ke aiki da baƙin gari yana jure ruwa da rana, sai dai yakan manne wa ledar roba mai laushi idan zafi ya yi yawa. A aje a sama, nesa da bango saboda gara.

Rasidin POS da mutane ke liƙawa a matsayin shaidar biya shi ne mafi rauni a cikin duka. Ba tawada a jikinsa. Zafi ne ke fito da rubutun a wata takarda ta musamman, kuma cikin watanni yakan koma fari, idan kuma aka kai shi a liƙe shi da leda a injin mai zafi sai ya baƙe gaba ɗaya. A kwafe lambar cinikin da kwanan wata a jikin yarjejeniyar da hannu. Tawadar hatimi da shaidu ke dangwala yatsa da ita ma galibi rini ce mai gudu a ruwa, don haka a rubuta cikakken sunan kowane shaida da na mahaifinsa da unguwarsa a gefen dangwalensa.